Fadamar Baba da Sabon Allo

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Yaya Hajara da yara. Yaya aiki, yaya zaman Fatakwal? Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Inna da ke tashi in damina ta kama.

Ka tambaya ko za a dawo mana da fadamar marigayi Baba, ka shuka rake in ka yi ritaya. Ka cire rai. Makon jiya ma'aikata suka zo suka kafa sabon allo, wannan karon da cikakken sunan aikin da gwamnati za ta yi a filin. Ashe matatar ruwan ƙazanta ce, ta Makarfi da Kudan. Tafintan da ya zo wa Baba da takarda "matatar ruwa" kawai ya ce, shi kuwa ya ba da filin da murna, wai sadaka mai gudana.

To, tana gudana kam. Injin matatar bai taɓa zuwa ba, amma motocin kwasar masai sun san hanya. Shekara da shekaru muna ƙorafin suna ɓata wurin, ashe su kaɗai ke amfani da shi daidai. Ko kyauta aka mayar mana, ƙasar ta mutu.

Inna ta tambaye ni ko famfon ne ya kusa. Na ce mata sun kafa allo. Ta ce, "Alhamdu lillahi, ladan Malam ya kusa fara isa gare shi."

Kada ka gaya mata. Ka sa mu a addu'a, ka gaida Kawu Idi.

Ƙaninka,
Lawal