Ɗan Italiyan Baba

Ohafia, 2 ga Agusta

Ɗana Obioha,

Bayan gaisuwa, da fatan kai da matarka Ugonma kuna lafiya. Takalmin da ka ɗinka mini ya iso, na ba ƙanenka. Kada ka ji haushi. A bikin sabuwar doya za a zaunar da ni cikin dattawa, mutanen garin nan kuwa ƙafa suke fara kallo kafin fuska. Tsohon hedimasta ba zai fita da takalmi ɗan Aba ba.

Ga takalmina ɗan Italiya na ba direba ya kawo maka. Shekara tara ina taka shi, bai taɓa ba ni kunya ba, dunduniya ce kawai ta cinye. Ka gyara, ka kuma duba yadda gwanaye suke ɗinki.

Mahaifinka,
Ukaegbu

Aba, 9 ga Agusta

Baba,

Ina gaisuwa da ladabi. Haushi kam na ji, ba zan ɓoye maka ba. Shekara goma sha biyu ina wannan sana'a, burina ɗaya, in ga aikina a ƙafarka.

Na ɓare dunduniyar. A ƙarƙashi na tarar da hoton ɗan kunkuru da aka karce da basilla. Haka nake yi wa duk takalmin da ya fita hannuna tun ina koyo. Hatimin Italiya kuwa yana nan kan teburina, don 'yan kasuwa ba sa ɗauka sai mun buga musu. Ugonma ta yi dariya har ta ƙware, ta ce, "Ashe Italiyar Baba a layinmu take."

Ni ban yi dariya ba. Na dawo maka da shi a buɗe, ka gani da idonka.

Ɗanka mai biyayya,
Obioha

Ohafia, 20 ga Agusta

Obioha,

Na gani. Na san kunkurun nan, shi ka zana a littafin lissafinka na zane ka. Kwana uku ban iya ɗaukar biro ba don kunya.

Ga shi nan na sake aikowa. Ka rufe dunduniyar, ka kankare Italiya, ka buga sunanka da nawa inda ido zai gani. Na ƙwace sabon daga ƙanenka, yana ta ƙunƙuni.

Ku zo bikin. Akwai dattawan da nake so su kalli ƙafata su tambaya.

Mahaifinka