Kun Zaunar da Innata Gaban Surukinta

Zuwa ga Baba Majo, shugaban gidan likitanmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da ban gajiyar aiki, ni ce 'yarku daga Safo, wadda kuka karɓi haihuwarta har sau uku. Ƙauna ce ta sa na yi ƙarfin halin rubuto kukana a fili, don na san ba Innata kaɗai abin ya shafa ba.

Na ɗaya. Damina biyu ke nan Inna na fama da zafin ƙirji da ciwon kai. Kun auna jini, kun tura mu Maradi hoto, ba a ga komai ba. Ba ku ce ƙarya take ba, kuka ce damuwa ma tana sauka a jiki, kuma magana magani ce. Na gode, har abada.

Na biyu. Zaman hirar da kuka buɗe ranar Laraba ƙarƙashin rumfa alheri ne. Mai gidana, mai ciwon bayan da ya ƙi ji ya ƙi gani, ya samu sauƙi, don shi ko da jaki ka haɗa shi sai ya ba shi labari. To amma cikin wannan zaman kuka sa Inna! Baba Majo, yaushe suruka ta taɓa buɗe cikinta gaban mijin 'yarta? Laraba huɗu tana jan mayafi, idonta a tabarma. Ƙarshe aka rubuta a katinta wai ta ƙi magani.

Na uku. Ciwon ya fara ne tun da wana ya tafi ci-rani Najeriya ya rasu can, gawarsa ma ba mu gani ba. Ɗan farinta ne. Ko sunansa ba ta taɓa faɗa ba yana raye, balle ta yi kukansa cikin taro. Da an tambaye ni, da na faɗa.

Roƙona kaɗan ne. Kafin a raba marasa lafiya, a tambayi wa ke jin nauyin wa. Mai son taro a ba shi taro, mai buƙatar motsa jiki a koya masa. Inna kuwa a haɗa ta da dattijuwar ungozomarku, su biyu, a ɗaki, ko da gyaɗa za su riƙa ɓarewa. Hannunta na aiki bakinta ke buɗewa.

Ina jin tsoro, Baba. Shekaranjiya ta raba mana kwanoninta, ta ce ba za ta ƙara ba likita wahala ba. Ku aiko a kira ta. Kiranku ne kaɗai ba za ta iya ƙi ba.

Allah ya ƙara maku lafiya da basira, ya saka da Aljanna, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.

Wassalam,
'Yarku ta Safo.