Tukunyar Baba ta Koma Tarauni

Gyadi-Gyadi, Kano.

Zuwa ga Yaya Saratu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Alhaji Yusuf da yara a can Fatakwal. Allah Ya ƙara muku rufin asiri. Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ya sauko bana da ƙarfinsa. Inna na nan da sauƙi, gwiwar ce dai take matsa mata da safe. Maiɗakina Jummai ta yaye yarinyar, har ta fara surutu.

Yaya, akwai abin da yake cina a rai, kuma ba wanda zan iya faɗa wa sai ke. Kin tuna tsohuwar tukunyar ƙarfen nan da Baba, Allah Ya jiƙansa, ya kwaso lokacin da aka rufe kamfanin jimar da yake aiki? Wadda ake hura itace a ƙarƙashinta ta dafa ruwa. Shekara da shekaru tana yashe a bayan garejina, kaji suna ƙwai a cikinta. Da ƙaninmu Nura ya buɗe nasa garejin fentin mota a Tarauni, ya zo ya roƙe ni ita. Na ce ya ɗauka, dama 'yan gwangwan nake jira. Har na taya shi ɗora ta a mota ina yi masa dariya.

Ashe yaron nan da shirinsa. Ya kira mai walda ya toshe inda take yoyo, ya ja bututu daga jikinta ya zagaye bangon ɗakin da yake feshi. Guntayen katako yake kwasowa wurin kafintocin Unguwa Uku. Ruwa ya tafasa ya bi bututu, ɗaki ya ɗauki ɗumi. Kin san aikinmu, in sanyi ya shigo fenti ba ya bushewa da wuri, ko ya dusashe ko ya zubo. A wurina mota sai ta kwana ta wuni tana jira, shi kuwa ya fesa da safe, da la'asar mai ita ya ɗauke ta tana ƙyalli. Direbobin da na saba da su tun Baba na da rai sun zare jiki ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fi ƙona min rai ma, abokan Baba da suke zaman hantsi a bencina yanzu can suke shan shayi, suna cewa Nura ne ya gado kan Baba. Ni da na koya masa riƙe bindigar fenti! Har Inna ta sa aka kai ta a adaidaita-sahu, ta zauna kusa da bututu, ta dawo tana ta sa masa albarka, wai gwiwarta ta saki.

Makon jiya Malam Yohanna, wani malamin makaranta a Darmanawa, ya kawo motar da za a kai amaryar ɗansa coci da ita. Na fesa sanyi ya ɓata, na kankare na sake, ya sake ɓatawa. Da na ga biki ya matso, na haɗiye girman kaina na kai ta Tarauni. Nura ya taso da sauri ya gaishe ni, ya fitar da motar da ke ciki, ya ƙara itace da hannunsa, ya ce ai tukunyar ta Baba ce, in riƙa kawo duk aikin da nake da shi. Wallahi da gori ya yi min da na fi samun sauƙi. Na fesa motar a ɗakin nasa, ta fito kamar sabuwa, Malam Yohanna yana ta yabon hannuna, ni kuwa ranar ko tuwo na kasa ci.

Na san za ki ce in yi istigfari, kuma ina yi. Allah Ya sani ba na so ko ƙaya ta soki Nura. Amma don Allah ki yi wa Alhaji magana, tunda yana hulɗa da masu yanka tsofaffin jiragen ruwa, ko zai samo min irin wannan tukunyar. In da hali, ta ɗan fi ta Nura girma. Kuma kada maganar ta kai kunnen Inna, ba ta iya ɓoye masa komai.

Ki gaida Alhaji da Nafisa da Anas. Inna da Jummai suna gaishe ki ƙwarai. Nura ma ya ce in zan rubuto in isar da tasa gaisuwar. To, na isar.

Ƙaninki,
Inuwa.