Kafaɗata Ta Ishe Ka, Yaya

Zuwa ga yayana Malam Isuhu, a Yamai.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso ta bakin direban motar Tasawa: wai in turo maka ɗana Lawali ka koya masa jifan mashi, don ka ji labarin yaron yana da hannu. Na zaɓi in amsa maka a bainar jama'a, tunda ka daɗe da nuna mana wasiƙar gida ba ta isa ka buɗe ba.

Ni ma ai da hannu ka gan ni, Yaya. Kana mushen wasanni, wato malamin motsa jiki, a makarantar lakwal ta Mayahi, ni ina ƙauye ina bin zomo da kere. Ka zo hutu Kanan Bakashe, ka ga na kayar da zabo daga nesa, ka tsaya kana kallona kamar dillali ya ga sa.

Ba zan ci amanar gaskiya ba, ka iya koyarwa. Kai ka ce mini: "Habu, jihwa ba a hannu take ba. Daga ƙahwa take tasowa." Ka nuna mini yadda ake kafa ƙafar hagu kamar turke, ƙugu ya juya, ƙirji ya bi shi, kafaɗa ta biyo, hannu ya zo a ƙarshe. Ka ce wanda ƙafarsa ba ta da ƙarfi, kafaɗarsa ce za ta biya. Da bakinka ka faɗa, ban ƙara ko wasali ba.

Sai fari ya zo. Rumbuna suka zama wayam, muka koma cin 'ya'yan anza na daji da dussa. Ƙafafuna suka zama kara, in na tashi tsaye sai duhu ya rufe mini ido. A shekarar ne sojojin da ke mulki suka ce a yi gasar matasa a Maraɗi, don duniya ta ga ƙasa lafiya lau take. Kumandan da ke mulkin Mayahi yana son garinsa ya ciyo, kai kuma kana son kumandan ya san sunanka.

Ka san ƙafata ba za ta ɗauke ni ba. Ka fi kowa sani. Amma ka ce in rage gudu, in fizga da hannu kawai. Ana saura kwanaki a tafi, na ji wani abu ya tsinke a kafaɗata, mashin ya faɗi gabana.

Ba ka kai ni likita ba, don kada labari ya kai ofis. Wurin wanzami ka ja ni, ya yi mini tsaga, ya kafa ƙaho, ya ce mugun jini ne kuma ya fita. Jijiya ce ta yage, Yaya, ina ruwanta da ƙaho? Ka ɗaure ni da tsumma, ka sa mini riga a kai, ka ce: "Ka daure, namiji ne kai. Jihwa guda ce."

Na jefa. Na ciyo. Kumandan ya riƙe hannunka ya girgiza, ni ina bayan mota ina amai. Kafin damina aka ɗauke ka zuwa Yamai.

Tun daga ranar hannun damana bai ƙara wuce ƙirjina ba. Guga matata ke ja mini. Hauya da hagu nake turawa, maƙwabta su gama gonarsu ina rabi. Duk wannan na haɗiye. Abin da ban haɗiye ba shi ne ranar da Inna ta rasu. Kai ba ka zo ba, ka ce aiki. Ni ina nan, amma da aka ɗaga makara na sa kafaɗa, ta ƙi. Baƙi suka kai uwarmu kabari, ina biye da su kamar ɗan rakiya. Ina jin haushinka, Yaya, har yau, kuma ban ga ranar dainawa ba.

Abin takaicin, Lawali yana son zuwa. Tun da direban nan ya yi magana a gabansa ya daina cin tuwo tare da ni. Yana jin kawunsa babban mutum ne, ni kuwa tsoho mai baƙin ciki. Ban taɓa gaya masa abin da ya sami hannuna ba, don ban so ya tashi da ƙin ɗan'uwan ubansa. Kuma in na ce ban yi kewarka ba, na yi ƙarya. Kai ka goye ni lokacin da ƙaya ta shige mini ƙafa a dajin Isawan.

To, ga sharaɗina. Ka zo gida da ƙafarka. Ka zauna a tabarmar Inna, ka kama hannun nan nawa ka gwada ɗaga shi a gaban yaron, sannan ka gaya masa da bakinka wanda ya yi wannan aiki da dalilinsa. In ya ji ya ce zai bi ka, ni zan kai shi tasha. In ba za ka iya ba, kada ka ƙara aiko mini kowa.

Allah Ya jiƙan Inna, Ya tsare mini ɗana, kai kuma Ya ba ka ƙarfin halin zuwa. Ina yi maka addu'ar nan da hannu ɗaya a sama, ɗayan yana kan cinya inda ka bar shi.

Ƙaninka,
Habu
Kanan Bakashe