Ƙarfen Motata Ba Sakatar Ofis Ba Ne

Zuwa ga Alhaji Shugaban Direbobin Tasharmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da motocinka, masu burki da marasa shi. Ban rubuta sunanka ba saboda marigayi mahaifinka mutumin kirki ne, amma ka san kanka. Ni ne Malam Garba, tsohon hedimasta, wanda ya koya maka rubuta sunan da na ɓoye. Na yi ta zarya ofishinka har gwiwoyina sun yi yaji, kullum sai a ce ka tafi taro Gusau. Shi ya sa na rubuta a fili, na kuma roƙi a liƙa kwafi a jikin ƙofar ofishin, tunda a kan ƙofar ƙarata take.

Na ɗaya, motar. Ina da wata jar mota mai kujera biyu, marar rufi, wadda ta girme ka. Na saye ta a hannun wani Bature da ya zo haƙa rijiyoyi, lokacin da zai koma gida. Mutanen Bukkuyum suka sa mata suna Silifa, don a buɗe take kuma cikinta kusan yana shafar ƙasa. Kujerun nan biyu su suka ja ni gare ta: ba wurin buhun gero, ba wurin ƙanin surukin maƙwabci mai son a rage masa hanya zuwa Gummi. Daga ni sai matata, marigayiya Hajiya Kulu. In muka ɗauki hanyar Anka, takan ciji bakin mayafinta kada iska ta tafi da shi, tana yi mini mita ta gefen baki har mu isa. Kunnena bai taɓa jin abin da ya kai mitar nan daɗi ba, sai ko kukan injin.

Injin ne ya fara yin shiru. Motar ta zauna a rumfa, kaji suna ƙwai a kujerar direba. Da Hajiya ta rasu, gida ya koma daga ni sai rediyo da butar alwala. Na ga ko dai in tayar da motar, ko in fara hira da kajin.

Na biyu, ƙarfen. Da makaniki ya buɗe injin, ya ce komai zai gyaru ban da kamshaf guda biyu da suka cinye. Na san da yawa cikin direbobinka sun tsufa a kan sitiyari ba su taɓa ganinsa ba, to bari in koma aji. Sandar ƙarfe ce, a jikinta akwai tozaye a jere kamar na shanu, kowanne yana kallon nasa gefen. In ta juya, tozayen ne ke danna bawul, injin ya shaƙi iska ya fitar da hayaƙi. Ba tozo, ba numfashi. Ka riƙe wannan, zai fito a gaba.

Na nema a Gummi, na nema a Anka, na sa an tambaya a Gusau da Sakkwato. Ba wanda ya taɓa ce mini babu, don mai kayan mota a ƙasar nan ba ya furta wannan kalma. Wani ya kawo mini na tarakta, ya ce a ɗan rage masa tsawo. Wani ya kawo na injin da masu zinari ke niƙa dutse da shi, ya rantse uwarsu ɗaya. A ƙarshe aka haɗa ni a waya da wani dattijo a Kaduna mai injin sassaƙa ƙarfe. Ya ce an daina ƙera irinsu, amma in ya ga samfur zai sassaƙa mini sababbi.

Na uku, saƙon. Ka san yadda muke aika kaya: a miƙa wa direba, a haɗa shi da Allah. Na naɗe su biyun a buhu na ba direbanka Sani. Ya ce, “Baba, ɗauka sun isa.” Sun kuwa isa, amma ofishinka. Nan ya sauke su, don ya sami fasinja mai tumaki kuma but ya cika.

Mai waldar bakin tasha, Ɗan'ige, shi ma ɗalibina ne, Allah ya yafe mini. Ya ji ana cewa ƙarafan Malam ne za a kai gyara Kaduna. Ya zaro ɗaya ya duba, tausayina ya kama shi. Ana nan sai ga shi a zaurena, ya durƙusa, ya miƙo mini wata sanda sumul tana sheƙi, har da fenti. Ya ce, “Malam, mi za a kai Kaduna? Ƙari na yah hito mishi, na goge shi tas. Ko sisi kak ka ba ni, albarka nika nema.”

Na tuna yaron nan na taɓa ba shi na ɗaya a aikin hannu. Na sa masa albarkar, tunda ya riga ya durƙusa, sannan na tambayi ɗayan. Ya ce bai kai ga goge shi ba aka ɗauke wuta. Alhaji, tunda aka kawo lantarki yankin nan, ban taɓa yi wa masu ɗauke ta addu'a ba sai ran nan.

Na huɗu, sakatar. Na hau babur, ƙasusuwana suna gaisawa da kowane rami, na zo karɓar wanda ya tsira. Na tarar da shi a ƙofar ofishinka, an zura shi cikin kunnuwan ƙarfe. Wai tsohuwar sakatar ce ta karye. Magatakardanka ya ce ba shi da ikon cire shi sai Shugaba ya dawo, kuma in an cire, ofis zai zauna a buɗe. Na leƙa ciki. Benci ne, da kalandar bara waccan, da hotonka. Har yau ban gano wanne ake tsoron a sace ba.

Na ce to a karɓi wanda Ɗan'ige ya goge a madadinsa. Magatakarda ya girgiza kai ya ce, “A'a Baba, wancan sulɓi gare shi, zamewa shikai. Wanga kau, tozayen nan su ka riƙe ƙohwa.” Na yaba masa. Shi ne mutum na farko a tashar nan da ya gane tozo yana da amfani.

Sai dai ƙarfen ba ya shiga kunnen sai an buga. Safe da yamma ana dukansa da dutse, na gani da idona, kuma kowane duka yana cin tozo. Dattijon Kaduna ya ce da guda ɗaya ma zai iya lissafa ɗan'uwansa, muddin siffarsa ba ta lalace ba. In ta lalace, ba sauran samfur a duniya da na san inda yake.

Na biyar, dalilin gaggawata. Ɗan ƙanena Bello, wanda a da sai da Salla nake ganinsa, ya yawaita zuwa gaisuwa. Yana tambayar jikina, idonsa yana kan rumfa. Ranar kasuwa ya zo da wani ɗan gwangwan, wai abokinsa ne. Abokin ya dinga ƙwanƙwasa ƙofar motar yana gyaɗa kai kamar mai tayin rago. Ban ga laifinsu ba. Motar da ba ta tashi ƙarfe ce, kan sikeli take ƙarewa. Wadda take tashi kuwa, ko ɗan gwangwan zai ji nauyin ɗora mata guduma.

Malamin asibiti ya ce ni ma bawul ɗin zuciyata ya gaji, kuma shi ba a aika samfurinsa Kaduna. Ba tsere zan yi ba, Alhaji. So nake in ji injin nan ya sake kuka, in kai ta bakin gari kan hanyar Anka in dawo, da mayafin Hajiya a kujerar gefe, in ga abin da iska za ta yi da shi yanzu da ba mai cizonsa.

Don haka ga roƙona. Ka sa a zare mini ƙarfena, da hannu da lallashi, ba da dutse ba. Ku karɓi sumul ɗin, Ɗan'ige ya ɗiga masa tozo ɗaya na walda don ya riƙe ƙofa, tunda shi ya kwashe na asalin. Amma a nisanta Ɗan'ige da nawa, ko da an ɗauke wuta. Sannan a sa ƙarfen a motar Kaduna, a kujerar gaba, ba a but ba. Zan yankar masa wuri kamar kowane fasinja. Ba ya tauna rake, ba ya cewa a tsaya masa a hanya.

Allah ya ja kwananka, ya rage maka taron Gusau, ya tsare hotonka daga ɓarayi. In motar ta tashi, zan zo tasha da kaina in danna maka hon. Ba zan ɗauke ka ba, kujerar da mai ita. In kuma na riga ta tafiya, ka riƙe sakatar, na bar maka. Duk sadda ka ji ana dukanta da dutse, ka karanta mini Ƙulhuwallahu.

Wassalam.

Malaminka,
Garba, tsohon hedimasta,
Bukkuyum.