Teloli Tamanin da Biyar

Litinin, 3 ga Maris
Malama ta dawo mini da tsarin bincikena, jan biro ko'ina. Abu ɗaya nake son gani: ko yawan awannin da tela ke yi a kan keke na da alaƙa da ciwon baya. Na rubuta mutum goma sha biyar sun isa. Ta zagaye lambar, ta rubuta, "Daga ina?" Talata ta sama kwamiti zai zauna. In ba ta sa hannu ba, sai baɗi.

Laraba, 5 ga Maris
Na yi mata bayani: na gwada teloli tara, alaƙar ta fito 0.7, kuma alaƙa mai ƙarfi ba ta bukatar taron jama'a. Ta ce, "'Yata, da mutum tara komai na iya fitowa. Ɗauka 0.3 ce." Ta danna kwamfuta, ta juyo mini da ita. Tamanin da biyar! Kowane tela sai na yi awa guda ina lallaɓa shi kafin ya ɗago kai daga ɗinki. Matar nan so take ta ga bayana.

Alhamis, 6 ga Maris
Maigida wai in cike sauran takardun tambayoyin telolin da kaina, wa zai sani. Wasa yake. Ban yi dariya ba.

Asabar, 8 ga Maris
Na je gida ina ta mita. Na ce wa Inna ko Kawu kaɗai ya isa hujja, awa sha huɗu yake yi a kan keke, ga baya ya lanƙwashe. Ko ɗagowa ba ta yi ba daga tsintar shinkafa: "Wane keke? Ba babur ne ya kayar da shi kina firamare ba?"
Na dawo na cire Kawu daga cikin teloli taran da na gwada. Alaƙar ta koma 0.2. Na sake lissafi sau uku, kamar zai ji kunya ya canza. Haushi kamar in yi kuka.

Talata, 11 ga Maris
Na rubuta casa'in da biyar, goma saboda masu zillewa. Malama ta duba ta saman tabarau. "Wa ya ce ki ƙara goma?" Na ce babu kowa. Ta sa hannu, kwamiti ya amince.
Ban ce mata ta fi ni gaskiya ba, kuma ba zan faɗa ba. Jakarta dai na karɓa na kai mata har mota, ai tana da nauyi.