Masaƙar Kaka a Ɗakin Ajiya

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida. Yaya ƙafar?

Baffa, na san ba ka son a ɗago maganar nan, amma tura ta kai bango. Shekara shida ke nan ina rubuta bayanin kaya a gidan tarihi na ƙasa. Ginin tsohuwar kotu ne, kayan cikinsa sun haura dubu tara, daga tukwane zuwa kayan ƙira da na kiɗa, amma yawancinsu suna ɗakin ajiya na ƙasa, ba mai ganinsu sai mu da gizo-gizo. Yanzu an gyara sabon zaure na kayan saƙa, za a buɗe nan da wata biyu, na kuma sa masaƙar Kaka a cikin abin da za a nuna.

Matsalar ita ce gara ta cinye katinta, har rabin lambar. Shugabarmu kuwa ta kafe, duk abin da ba a samu tarihinsa daga bakin wanda ya yi aiki da shi ba, ƙasa zai koma da takarda a wuya: ba a san mai shi ba. Baba bai taɓa saƙa ko zare ɗaya ba. Kai kaɗai ka rage wanda ya zauna a kanta. Don Allah ka zo, ko na kwana biyu ne.

'Yarka.

Uwata,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ƙafa tana nan, ta ƙi ci ta ƙi cinyewa.

Wato sai yau gidan naku ya tuna masaƙa tana da mai ita? Shekara arba'in da ɗaya ke nan, na je sayen zare, kwana uku na yi, na dawo na tarar da ramuka huɗu a zaure inda ƙafafunta suke. Na tambaya, ubanki ya dubi tsabar idona ya ce shi ya kwashe ta ya kai wa masu tara tsofaffin kaya. Ya yi boko, yana jin kunya a ce masa ɗan masaƙi. Ni da na zauna a gefenta tun ban fi tsayin tabarya ba, ko shawara ba a yi da ni ba. Tun ranar ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwar mutuwa.

Ke ba ki da laifi, sunan uwata gare ki, ba na iya yi miki faɗa. Amma ki je ki tambayi wanda ya kai ta. Allah ya yi miki albarka.

Baffanki.

Baffa,

Assalamu alaikum. Na ji, kuma ba zan matsa maka ba. Tunda haka ne mun haɗa masaƙar da kanmu, ni da kafintan gidan, muna duba wani littafi. Ga hotonta nan na sa a cikin takarda. Kowa a ofis ya ce ta yi kyau. A gaida Inna.

'Yarka.

Uwata,

Na amsa sallama. Hoto ya iso, gara da bai iso ba.

Ta yi kyau? Wane mara tsoron Allah ne ya ɗaure bakin zaren a jikin ƙusa? Ƙusa fa! Masaƙa akuya ce da za a turke ta a bango? Zare kan tafi ne can gaba a ɗaure shi a kunkuru, wato katakon nan da ake ɗora wa dutse, kana saƙa yana jawowa yana matsowa a hankali. Matakan ƙafa ma kun juya su, na dama ya koma hagu. Shi littafin naku wanda ya rubuta shi da ka yake tafiya? Innarki ta ce tun da na ga hoton nake magana ni kaɗai kamar sabon kamu.

Ina dutsen? Baƙi ne, ya fi kan mutum kaɗan, gefe ɗaya ya ɓare tun ranar da ya faɗo wa Kakanki a yatsa. In babu shi ba masaƙa kuke da ita ba, itacen girki ne. Ki sa a cire ƙusar nan yau ɗin nan. Kada kuma ki ɗauka na ce zan zo.

Baffanki.

Baffa,

Assalamu alaikum. Zan fara da neman gafara. Littafin bai ce a sa ƙusa ba, ni na ce, don na san ba za ka iya gani ka yi shiru ba. An cire ta.

Dutse kuwa an same shi, kuma kunya ta kusa kashe mu. Shi ne muke tokare ƙofar ɗakin ajiya da shi. Ba wanda bai taɓa tuntuɓe da shi ba a gidan nan, ni kaina na sha zaginsa. Mai gadi ya ce haka ya same shi tun yana da baƙin gashi. Da muka juya shi sai ga lamba cikakkiya da farin fenti a ƙasansa. Ita ta kai ni ga littafin rajista na farko, wanda shugaban gidan na wancan lokacin ya rubuta da hannunsa. Ga abin da ya rubuta, ban ƙara ban rage ba:

"Mai ita ne ya kawo ta da kansa, ƙaramin ɗansa yana ɗauke da kayan. Ya ce idonsa ya tafi. Ya ce babban ɗansa gwani ne, ba ya hutawa, in aka bar masa ita zai yi ta aiki a kanta har ta karye a sa a murhu. Yana so jikoki su gani."

A ƙasa akwai dangwalen yatsan Kaka.

Na kai wa Baba na karanta masa. Ya daɗe yana goge tabarau kafin ya ce, "Kakanki ne ya sa na yi masa alkawari in ce ni ne. Cewa ya yi gara Yaya ya ji haushina da ya ji haushin ubansa." Na ce to bayan Kaka ya rasu fa? Ya ce, "Alkawari ba ya bin mutum kabari." Baffa, na yi kuka, na kuma ji haushinku ku duka uku, har da wanda ke ƙasa, Allah ya jiƙansa.

Shugaba ta ce rajista ta nuna wanda ya kawo, amma ba ta nuna yadda ake aiki da ita ba, don haka sharaɗinta yana nan. Saura kwana goma sha tara a buɗe zauren.

'Yarka.

Uwata,

Wa alaikumus salam. Na karanta sau uku. Maganar murhun nan bakin tsoho ne, ba wanda zai ƙaga ta. Kuma ya yi gaskiya, da tuni na karya ta.

Ina nan tafe ranar Laraba da motar safe. Zan zo da zare, naku na hoto ba abin kirki ba ne. Ki faɗa wa shugabarku ba zan sa safar hannu ba.

Ja wa masaƙa zare aikin mutum biyu ne, ɗaya ya riƙe baki, ɗaya ya yi ta tafiya da shi. Ƙafata ba za ta iya tafiyar ba. Ki ce wa ƙanena ya zo.

Baffanki.